Casa'in da Biyu Cikin Ɗari

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau a taron safe Malamar kimiyya ta kira sunana a gaban makaranta kaf. Ta ce cikinmu 'yan ajin ƙarshe arba'in da uku da muka fita zangon koyo a waje, rahotona ne ya fi tsari, kuma shi za a ɗora a teburin farko ranar baje koli. Aka yi ta tafi. Ƙawata Aku, wadda bakinta ba ya hutawa ko a ɗakin jarrabawa, ta dinga zungurina da gwiwar hannu tana cewa, "Ke saki fuska mana, sai ka ce an aiko miki da mutuwa." Na buɗe haƙora na rufe.

Bari in rubuta yadda zangon yake, ko hannuna ya sami abin yi. Mako takwas ne, yanzu muna na shida. Kowa ya zaɓi abin da zai bincika da wurin da zai yi shi. Babu malami a kanka, kai ke cika littafin aikinka, kai ke sa hannu. Litinin da safe kawai muke leƙa makaranta. Ni asibiti na so, ɗakin gwaje-gwaje da farar riga. Wuri ya cika, aka tura ni lambun raino na bayan tashar mota, inda ake tsirar da iri a sayar wa manoma dashe. Aku ta sami gidan rediyo, mai sanyi da kujera mai juyawa. Ni na sami dogon takalmin roba da ya fi ƙafata.

Aikina gwajin tsiro. An kawo sabon irin tumatir gwangwani biyu, Manajan lambun yana so ya san ko mai kyau ne kafin a zuba shi a ƙasa. Faranti goma, kowanne ƙwaya ɗari a kan ƙyalle mai laima, a rufe, kullum da safe a ƙirga waɗanda suka tsiro har kwana goma sha huɗu. Shi ke nan fa. Ɗan firamare ma zai iya.

Rahotona ya ce casa'in da biyu cikin ɗari sun tsiro. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba yau.

Talata, ƙarfe uku na rana

Fangali ashirin aka zuba wa irin nan, yau kwana goma sha biyu. Ya kamata a ce sun rufe kore shar. Abin da ke wurin kuwa, tsiro ɗaya nan, ɗaya can, tsakani ƙasa zalla.

Manaja ya zagaya su sau uku, hannu a baya. Mutum ne mai sauri, ko gaisuwa a tafe yake amsawa, amma yau ya tsaya cak. Manoma goma sha ɗaya ke jiran dashen nan, in lokaci ya wuce musu shekarar ta tafi. Ya aika a kira Baban Lambu.

Baban Lambu shi ke ban ruwa. Shekara ashirin da shida yana yi, kowa Baba yake ce masa har Manaja. Ranar da na fara zuwa ya ga ina tattare siket ina tsallake taɓo, ya tambaye ni ina na so a kai ni da. Na ce asibiti. Shi ke nan ya laƙaba min Likitar Tumatir, sunan kuwa ya bi ni. Da haushin sunan nake ji.

Suka tsuguna su biyu a bakin fangali suna tona ƙasa. Ni kuma na sami tukwanen roba da ba su da datti na hau wanke su.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

A gaban kowa aka yi.

Baba ya ce, "Manaja, ni a ganina irin ne ba shi da ƙarfi. Na tona wuri biyar, ƙwayar tana nan kwance, ko fasawa ba ta yi ba."

Manaja ya shiga ofis ya fito da rahotona, mai shuɗin bangon nan da na kai aka buga min da kyau. Ya ɗaga shi a gaban ma'aikata shida. "Baba, an gwada irin. Kwana goma sha huɗu yarinyar nan tana binsa ƙwaya-ƙwaya. Casa'in da biyu cikin ɗari. Ko ba haka ba?" Ya juyo ya kalle ni.

Na ce, "Haka ne."

Muryata ko rawa ba ta yi ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Manaja ya ce, "To iri lafiya, ƙasa lafiya, saura ruwa ke nan. An cika shi har ya shaƙe ƙwayar. Baba, ba raini ba, shekaru sun ja. Ƙarshen wata ka huta, zan nemo mai jini a jika."

Baba ya cire hula ya mayar. Ya ce, "To." Ya koma ya ci gaba da naɗe tiyo, a hankali, yadda yake yi kullum don kada ya karye.

Ƙarshen wata saura kwana goma sha bakwai. Baje koli saura goma sha shida. Na ƙirga su sau biyu a motar dawowa gida.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Ya gaishe ni kamar kullum: "Likita, an tashi lafiya?" Na kasa cin abincin rana.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

To. In ban faɗa wa takarda ba, wa zan faɗa wa.

Kwana ukun farko na gwajin na je, na yayyafa ruwa, na duba. Rana ta uku da yamma ina fitowa daga lambu, takalmin roba a ƙafa, taɓo har gwiwa, sai ga motar gidan rediyo ta tsaya a danja, 'yan ajinmu uku a ciki har da Aku. Ɗaya ta leƙo ta ce, "Lebura, ana samun taki a wajenku?" Suka kwashe da dariya, mota ta wuce. Wasa ne, na sani. Amma washegari ƙafata ta ƙi hanyar lambu. Na leƙa na ce wa Baba zan je ɗakin karatu in yi nazari, dama tsarin ya ba mu damar haka jefi-jefi. Na bi Aku gidan rediyo.

Kwana ɗaya na ce zan yi. Ya zama takwas. Kuma me na tsinana a can? Na zauna a kujera mai juyawa ina kallon mutane suna magana ta bayan gilashi, ina riƙe wa Aku jaka. Manaja bai lura ba, rumfar gwajin can baya take, shi kuma kullum yana kan hanya. Littafin aiki kuwa ni ke cikawa.

Rana ta goma sha biyu na koma. Na buɗe farantan. Tsiro tsilli-tsilli, sauran ƙwaya kwance shiru. Na ce shi ke nan, na kashe su da sakacina. Ko ƙirgawa ban yi ba. Na juye su duka a ramin taki, na wanke farantan tas, na buɗe littafin kimiyya inda aka ce iri mai kyau yakan wuce casa'in, na zauna na ƙirƙiro lambobin kwana goma sha huɗu. Har faranti na bakwai na sa ya ɗan gaza saura, don abin ya yi kama da gaske. Wannan dabarar ce ta fi ci min rai. Ba a firgice na yi ba, a natse na yi, da rula da biro kala biyu.

Yau na faki ido na ɗebi ƙwaya ɗari daga ragowar gwangwanin farko. Zan sake gwajin a gida. Wataƙila irin mai kyau ne da gaske, ƙaryata ta faɗa kan gaskiya. In haka ne, laifin fangalin ba daga ni ba ne. Dubi abin da na koma roƙo: Allah ya sa tsoho ne mai laifi. Kai, ni wace irin mutum ce.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na jera su a kan ƙyalle, layi goma goma, na rufe, na ɗora saman kabad ɗin kicin. Umma ta shigo ta ce, "Auta, wannan kuma wace sabuwar miya ce a farantina na baƙi?" Na ce aikin makaranta ne. Ta ce in dai aikin makaranta ne in ɗauki har da tukunya.

Tun Litinin Umma ba ta taka ƙasa. Ta kira Gwaggo a waya ta ba ta labarin teburin farko sau biyu, na biyun ya fi na farkon tsawo. Ta ajiye ɗinkin mutane gefe, ta yanka min yadi, wai rigar da zan sa ranar baje koli ba za ta fito daga hannun kowa ba sai nata. Ina jin ƙarar kekenta daga nan.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Na duba su sau bakwai. Na san ba sa tsira a kwana ɗaya.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Na shiga ofishin Malama da niyya. Wallahi da niyya na shiga, har na shirya jimlar farko tun a hanya.

Kafin in buɗe baki ta ce in zauna. Ta ce, "Kin san shekara huɗu na yi ina fama kafin a yarda mu fitar da ku? Har yanzu wasu iyaye suna cewa yawon banza ne, wai yaro ba ya aiki sai an tsaya a kansa. Ranar baje koli kwamitin makaranta zai zauna a kan ko a ci gaba ko a soke. Rahotonki zan ajiye musu a gaba, in ce ga abin da yarinya ta yi ita kaɗai, ba wanda ya tsare ta."

Na ce, "Malama, akwai…"

"Akwai me?"

"Akwai kuskuren rubutu a shafi na huɗu."

Ta yi dariya ta ce wannan tsantsenin nawa ne ya sa take alfahari da ni. Na fito na shiga banɗaki na daɗe ina wanke hannu.

Talata, ƙarfe huɗu da kwata na yamma

Ina cika ledojin dashe da ƙasa a inuwar tanki, Baba ya zo ya zauna kusa da ni yana gyara bakin tiyo da ya tsage. Can ya ce, "Likita, in tambaye ki wani abu, kada ki ji komai. Ƙidayar nan taku ta makaranta, har da ƙwayar da ba ta fasa ba ake sawa?"

Na ce a'a, sai wadda ta fito da saiwa.

Ya jinjina kai. "Ikon Allah. Kin san kwanakin da kika tafi ɗakin karatu, na ga ƙyallayenki za su bushe, sai nake yayyafa musu safe da yamma, in mayar da murfi yadda kika bari. Ban ƙirga ba, ba aikina ba ne. Amma a idona dai waɗanda suka fito ba su kai rabi ba." Ya ci gaba da ɗaure tiyon da roba. "Wataƙila idon ne ya fara tafiya. Matata ma ta ce in je a duba min."

Ashe ban kashe komai ba. Abin da na juye a ramin taki shi ne sakamakon gwajin. Irin ne ba shi da kyau, farantan sun nuna, kuma da na ƙirga na kai wa Manaja yadda na tarar, da ba a zuba shi a fangali ko ɗaya ba. Sai yanzu nake tuna ƙyallen da sanyi a hannuna lokacin da nake juyewa. Kwana takwas ba na nan, ƙyalle da laima, amma ban tsaya na tambayi kaina wa ya jiƙa shi ba. Tsoro ya rufe min ido.

Mutumin da ya rufa min asiri shi na sa yana zargin idonsa. Ya buɗe min ƙofa, ya tambaye ni a hankali, babu kowa a wurin sai mu biyu. Me na ce? Na ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba." Na ci gaba da cika leda.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na faɗa wa Aku a tashar mota. Ta yi shiru na kusan daƙiƙa biyar, karo na farko tun da na san ta.

Sannan ta ce, "Ke kanki ɗaya kuwa? Kina faɗa za a ce ina kika je kwana takwas. Sunanki yana littafin baƙi na gidan rediyo, ni na sa hannu na shigar da ke. Kin kashe kanki kin haɗa da ni. Tsohon nan dama ya kai hutu. Ki bari a yi baje koli, ki karɓi sakamakonki, daga baya ki sai ɗan turare ki je ki gaishe shi."

Na ce mata marar imani. Ta ce, "Ni na rubuta casa'in da biyu?"

Abin da ya fi muni, shawarar tata ta kwanta min a rai, na ji har numfashina ya ɗan sauka.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Kwana biyar. Tara sun fito.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Manaja ya sa an buɗe gwangwani na biyu an sake zuba fangali goma, wannan karon wai da ruwa kaɗan. Ya tsaya a kan Baba yana cewa, "Ya isa, ya isa, rage." Baba yana ragewa. Ni na taya su zuba irin da hannuna, ina sane da abin da nake zubawa.

Na ce wa kaina sai gwajin gida ya cika kwanakinsa, don ba a zuwa wa Manaja da magana babu hujja. Ya yi kama da kimiyya. Ƙarya ce. Tun Talata na san amsar, faranti kawai na samu na laɓe a bayansa.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Gwajin riga. Umma da allurai a baki tana cewa in miƙe tsaye, na rame, ko aikin lambun ne. Ta ja baya ta kalle ni ta ce, "Tubarkalla." Na kalli silin.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Kwana bakwai. Ashirin da biyu.

Ga shirina, in rubuta shi in ga muninsa da idona. Juma'a baje koli. Asabar ƙarshen wata. In yi baje kolin, kwamiti ya zauna, Malama ta tsira da shirinta, Umma ta ga rigarta a jikina, sannan Asabar da sassafe in je wa Manaja kafin Baba ya miƙa makulli. Kowa ya samu. Sai dai Baba ya ƙara mako guda yana yawo cikin lambu a matsayin tsohon da ya kashe fangali ashirin. Mako guda ba yawa, in ji ni da ba ni ke ɗauke da shi ba.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Ba ya nan.

Daga makaranta na wuce lambu, na ga wani sabon mutum riƙe da tiyo. Na tambayi matar da ke dasa furanni ina Baba. Ta ce ranar Asabar aka kawo sabon, aka ce Baba ya nuna masa famfuna. Suna cikin zagayawa Manaja ya ja sabon gefe ya ce masa, "Ka koyi inda bututu yake, amma yawan ruwa kada ka bi nasa." A hankali ya faɗa, amma Baba ya ji. Yau da asuba ya zo ya shayar da komai, ya rataye makullin tanki a ƙofar ofis, ya ce a gaida Manaja, ba sai ya jira ƙarshen wata ba.

Ta ce har ya bar min saƙo. Wai a ce wa Likita Allah ya ba da sa'a ranar baje koli.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa wa Umma. Tana kan keke tana kalmasa bakin rigar, na durƙusa gefenta na fara daga motar gidan rediyo har zuwa makulli. Ta tsayar da keke. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi.

Ta ce, "Mutumin yana da iyali?"

Na ce mata da jikoki biyu a hannunsa.

"Kwana nawa ke nan da aka ce masa ya tafi?"

"Goma sha biyu."

"Kwana goma sha biyu kina cin abinci kina barci a gidan nan." Ta zare rigar daga keke, ta ninke ta da zaren a jiki, ta sa a kabad. "Gobe ki je wa Manajan da ƙafarki. Ba zan raka ki ba, don ranar da kika rubuta ban raka ki ba."

Kunyar da nake ji yanzu ta daban ce. Waccan a ciki take cina, wannan a fuska.

Talata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na shiga mota da farantin a cinya, a rufe da ɗankwali. Na ajiye shi a teburin Manaja na buɗe. Kwana goma, talatin da ɗaya. Na faɗi komai a tsaye, idona a kan takalminsa.

Ya jawo farantin ya ƙirga da kansa da murfin biro, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya jingina da kujera ya ce, "Na tsaya a gaban mutum shida na ce wa sa'an mahaifina ya tsufa, da takardarki a hannuna." Ya daɗe yana kallon taga. "Ni ma da nawa. Na ga bango mai kyau na yarda, mai shekara ashirin da shida yana faɗa min ban saurara ba."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce ba shi ne na farko a layi ba. Ya ɗauki makullin mota ya fita, na ji yana tambayar ma'aikata wa ya san gidan Baba.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Malama ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi. Ta ce, "Da kin kawo min talatin da ɗaya, da shafi takwas babu komai a ciki, kika ce Malama na gudu na dawo ga abin da na tarar, da na yi miki faɗa na ba ki maki. Abin da na fitar da ku ku koya ke nan."

Sakamakon zangon nan babu. Zan sake daga farko a lokacin hutu, in lambun ya yarda ya karɓe ni. Kuma za ta faɗa wa kwamiti da bakinta, don ba za ta kare shirin da ƙarya ba. Ta tambayi inda na je kwana takwas, na ce yawo. Ta kalle ni, ta san da wa, ba ta matsa ba. Aku dai ta daina amsa wayata.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Wannan karon Umma ta raka ni. Gidan Baba ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, ko'ina gwangwanaye da shuka a ciki, babu ganye ɗaya da ya yi yaushi. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo ruwa.

Na durƙusa a gabansa. Duk abin da na haddace ya gudu, sai kuka, mai majina, irin na yara. Da ƙyar na haɗa maganar. Ya ce, "Tashi, Likita, tashi, ƙasa da sanyi. Manaja ya zo shekaranjiya ya faɗa min. Nawa ma suka fito?"

Na ce talatin da ɗaya.

Ya yi 'yar dariya ya kalli matarsa. "Kin ji ko. Ashe idon yana nan, ba sai mun je asibiti ba."

Umma ta ce, "Baba, don girman Allah ka koma aikinka. Yarinya ce ta yi wauta, kuma ta ga sakamakonta."

Ya ce, "'Yata, ita na yafe mata duniya da lahira. Manaja ma ya ba ni haƙuri har sau uku, na haƙura, ya ce wurina yana nan. Amma yaran can duk ni na koya musu riƙon tiyo. Sun tsaya sun ji an ce na tsufa ban san ruwa ba, sun ga ana ce min rage ina ragewa. Gobe in na ce musu a ƙara, sai sun kalli juna tukuna. Ba zan iya aiki a haka ba."

Umma ta sake roƙo, matarsa ma ta sa baki. Ya ce a bar maganar. Da za mu tafi ya ciro min wata 'yar shuka a gwangwani ya ce in kai gida. Na so ya zage ni ko sau ɗaya. Har bakin titi ya raka mu.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

An yi baje koli. Na tsaya can baya da kayan makaranta. Ba a soke shirin ba, amma daga baɗi malami zai riƙa bin kowa duk mako, kuma ɗalibi ba zai ƙara sa wa littafinsa hannu shi kaɗai ba. Ba a ambaci sunana ba. Kowa ya san dalili.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Manaja ya yarda in sake zangon. Bai kalle ni ba da yake faɗa. An kawo wani irin daga wani wuri, an zuba, manoma shida ne kawai suka yarda su jira. Ya ce ban da farantai, fangali biyar na ƙarshe ni zan riƙa shayarwa, hannu ya yi kaɗan.

Ƙarfe bakwai na ja tiyo na buɗe famfo. Ban san iyakar da ake tsayawa ba. Na tambayi sabon mutumin, ya ce har ƙasa ta yi duhu. Na tambayi mai furanni, ta ce a'a, wannan ya yi yawa, Baba dai yana da yadda yake ganewa. Na koma na ci gaba da zubawa, ruwa ya fara kwanciya a gefe ɗaya, na juya zan ce, "Baba, ya isa haka?" Babu kowa a bayana sai tanki.

Na rufe famfo. Na tsuguna na tura yatsa cikin ƙasar yadda na sha ganin yana yi, na daɗe a haka, ban san abin da ake ji ba.